Fashin baƙi: Makin da asibiti ke ba tafiyar majinyaci, da abin da makin ba ya gani

Ran da aka sallamo Baffana daga wani asibiti a Jidda, bayan mako shida a sashen da Larabawa ke kira ta'ahil, wato inda ake kwantar da mutum a farfaɗo masa da gaɓoɓi bayan ciwo ya lafa, an haɗo mu da takarda mai shafi uku. A shafi na biyu an ja wa lambobi biyu layi: 38 ranar shiga, 61 ranar fita. Likitar gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, wadda ta yi ta fama da shi, ta nuna min su da bakin biro, fuskarta cike da fara'a. Ta kuwa cancanci yin murna, don mutumin da muka kai a kwance, ɓarin damansa a shanye, da ƙafarsa ya tako har bakin mota yana dogara sanda mai ƙafa huɗu.

Muka iso Makka bayan la'asar. Gidan yana kan dutse ta bayan titin da ake kira Shara Mansur, mota ba ta kaiwa ƙofa, sai an hau matakalar siminti wadda da wuya ka samu taki biyu masu tsayi ɗaya. Samari huɗu ne suka ɗauke shi a kan kujera. Da aka kira magariba ya dubi dadduma a shimfiɗe, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗana, in na sauka ƙasa wa zai tashe ni?"

Tun daga ranar nake bin diddigin lambobin nan biyu, don yanzu da irinsu ake yi wa asibitoci alkalanci, kuma da yawa daga cikinmu muna karɓar takardar mu jefa a durowa ba mu san me ta ƙunsa ba.

Asalin maganar shi ne yadda za a gane asibiti mai kyau. A 1966 wani likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa ingancin jinya gida uku: abin da asibiti ya mallaka na gini da kayan aiki da ma'aikata, sai yadda ake gudanar da aikin, sai kuma abin da ya samu majinyaci a ƙarshe. Na farko da na biyu suna da sauƙin ƙirgawa, kuma su ne ke ruɗar ido. Kowa ya shiga zaure mai walƙiya ya ga injuna a jere zai ce ya zo gidan lafiya. A ɗakin tiyata sakamako a fili yake, an rayu ko an mutu, ciwo ya warke ko ya ruɓe. Sashen ta'ahil kuwa ba a zuwa cikinsa don a cire cuta. Jijiyar ƙwaƙwalwar da ta mutu ta mutu, ƙafar da aka yanke ba ta tsirowa. Abin da ake saya a can shi ne iyawa: juyawa a kan gado, tashi zaune, miƙewa, zuwa ban-ɗaki, takawa. Don haka dole a samo hanyar mayar da iyawa lamba, in ba haka ba kowane asibiti zai ce majinyacinsa "ya samu sauƙi" a wuce wurin.

Ma'aunin da ya fi daɗewa a hannun ma'aikata shi ne na Barthel, wanda wata likita, Florence Mahoney, da wata ma'aikaciyar gashi, Dorothea Barthel, suka wallafa a jihar Maryland a 1965. Abubuwa goma yake dubawa, maki daga 0 zuwa 100, kuma 40 daga ciki na motsi ne: 15 na tashi daga gado zuwa kujera, 15 na tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, 10 na hawa bene. Sauƙinsa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa, don tsakanin matakinsa da mataki akwai faɗi, mutum zai yi mako biyu yana samun ci gaba makin bai motsa ba.

Lambobin Baffa daga wani ma'auni suka fito, wanda ake kira FIM, da aka tsara a birnin Buffalo na jihar New York a shekarun 1980 ƙarƙashin jagorancin Carl Granger. Yana da abubuwa 18, sha uku na aikin jiki, biyar na fahimta da magana da mu'amala. Kowane abu ana ba shi maki daga 1 zuwa 7. Wanda ya samu 7 shi ne mai yin abin da kansa, cikin lokaci, ba haɗari. Mai 6 yana yi da kansa amma da sanda ko ƙarfen dafawa ko ɗaukar lokaci. Mai 5 yana bukatar wani a tsaye kusa da shi ko da ba zai taɓa shi ba. Daga 4 zuwa ƙasa hannun wani ya shiga: a 4 majinyaci na yin kashi 75 cikin ɗari na aikin ko fiye, a 3 rabi ko fiye, a 2 kwata ko fiye, a 1 kusan komai yi masa ake. Jimillar ɓangaren jiki tana tashi daga 13 zuwa 91, duka ma'aunin kuma daga 18 zuwa 126. Kenan 38 da 61 ɗin nan cikin 91 ne. A lura da kyau, tambayar da FIM ke amsawa ita ce nauyin da majinyaci yake a kan mai jinyarsa. Bai damu da kyawun tafiyar ba, ko ƙafa na ja, ko gwiwa na lanƙwashewa baya. In ka taka mita 50 ba wanda ya riƙe ka, ka ci makinka.

Amurkawan da suka ƙirƙiro shi sun ajiye shi a tsarin gwamnatinsu tun ranar 1 ga Oktoban 2019, suka koma wani ma'auni da ake kira sashen GG, wanda dokar IMPACT ta 2014 ta share wa hanya, don a riƙa auna majinyata da mudu ɗaya ko a asibitin ta'ahil suke, ko gidan jinya, ko gidajensu. A nan maki daga 1 zuwa 6 ne, kuma motsi kaɗai an ware masa abubuwa 15. Ana farawa daga birgima hagu da dama a kan gado, a bi ta tashi zaune da miƙewa da hawa masai da shiga mota, a zo tafiyar mita 3, da ta mita 15 mai kwana biyu, da ta kimanin mita 46, da tafiya a wurin da ba a daidaita ba, da hawa taki ɗaya, da huɗu, da goma sha biyu, a rufe da sunkuyawa a ɗauko abu daga ƙasa. Ana aunawa a kwana ukun farko da kuma dab da sallama. Akwai wani bambanci da ya kamata a sani: FIM yana rubuta mafi ƙarancin abin da aka ga majinyaci ya yi, GG kuwa yana rubuta abin da ya saba yi. Majinyacin da ke tafiya da safe amma dare na yi sai an kama shi, maki biyu daban zai samu a ma'aunan nan.

To, a ɗebe makin shiga daga makin fita, abin da ya rage shi ne ribar da aka samu. Na Baffa 23. A tara na majinyata duka a raba, a ce ga darajar asibiti. A nan ne fa ake yin tuntuɓe.

Ɗauki asibitoci biyu. Ɗaya ya fi karɓar waɗanda aka canza wa gwiwa ko ƙugu, mutane masu ƙarfinsu da hankalinsu, waɗanda ko an bar su a gida da ɗan motsa jiki za su miƙe. Ɗayan shi ake kai wa samarin da haɗarin mota ya taɓa wa laka, abin da Saudiyya ta sha fama da shi, da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta haɗu musu da ciwon suga da gyambon kwanciya. In ribar maki tsurarta za a duba, na farko zai yi fice, na biyu ya sha kunya, alhali wataƙila a na biyun ne ake aikin da ya fi wuya kuma ya fi kyau. Mafi muni ma, da zarar asibitoci sun gane da wannan mudun ake auna su, sai a fara zaɓe tun daga ƙofa. Wanda ake ganin zai kawo maki a ce bismilla, wanda jikinsa ya yi nauyi a ce babu gado. Su wa za a fara juyawa? Irin tsofaffinmu ne, waɗanda ba a kawo su da wuri ba, ba su da inshora mai ƙarfi, Larabcinsu na kasuwa ne ba na asibiti ba.

Akwai kuma matsalar rufi. Wanda ya shigo da 80 cikin 91, duk ƙoƙarin duniya ba zai ƙaru da fiye da 11 ba. Wanda ya shigo da 13 kuma lakarsa ta tsinke daga wuya, zai iya koyon sarrafa keken lantarki da haɓarsa, rayuwarsa ta sauya baki ɗaya, jimillar makinsa ba ta tashi da wani abin kirki ba. Masu matsakaicin rauni su ke kawo riba mai yawa. Sannan takun ma'aunin ba tsayinsu ɗaya ba, kamar dai matakalar gidan Baffa. Tashi daga 1 zuwa 2 maki ɗaya ne, amma har yanzu wani ke ɗaga ka. Tashi daga 5 zuwa 6 shi ma maki ɗaya ne, amma shi ne ke sallamar matar da ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba don tsoron kada mijinta ya tashi fitsari ya faɗi. A takarda duk ɗaya ne. A gida sama da ƙasa ne.

Maganin da masana suka kawo shi ne a yi wa kowane majinyaci hasashe tun ranar shigarsa. A duba shekarunsa, da irin ciwon da ya kawo shi, da makin da ya shigo da shi, da yadda yake kafin ciwon, ko yana tafiya da kansa ko dama da sanda yake, da sauran cututtukan da ke jikinsa, da ko yana riƙe fitsari da bayan gida, da yadda fahimtarsa take. Daga bayanan dubban majinyata masu kama da shi a fitar da makin da ake sa ran zai fita da shi. Sai a tambayi asibiti: cikin majinyatanka, kashi nawa suka kai abin da ake sa rai ko suka wuce? Wannan tambayar ta fi adalci nesa ba kusa ba. A 2023 hukumar da ke kula da inshorar tsofaffi ta Amurka ta sanar da cire ma'aunin ribar motsi daga jerin da take yi wa asibitocin ta'ahil hukunci da su, ta riƙe na kai wa makin da ake sa rai ranar sallama. Ostareliya ma tun 2002 take da cibiya guda da ke tattara makin FIM daga asibitocin ta'ahil ɗinta tana kwatanta majinyaci da irinsa. Hasashe irin wannan ba ya yiwuwa sai da rumbun bayanai na ƙasa, kuma na ƙasar da ake ciki, don hasashen da aka gina a kan tsohon da zai koma gida mai kujerar masai da lif ba lallai ya dace da wanda zai koma kan dutse ba.

Ko an gyara lissafi, saura hannun mai rubutawa. Wanda ke ba da maki ma'aikacin asibitin ne da za a yi wa alkalanci da makin. Ba sai ya yi ƙarya ba. Ya isa ranar shiga ya ɗan tsananta, ranar fita ya ɗan sassauta, riba ta kumbura da maki biyar ko shida. Shi ya sa masu FIM suka sharɗanta wa ma'aikata horo da jarrabawa ana sabuntawa. Sannan majinyacin da jikinsa ya rikice aka mayar da shi sashen gaggawa, ko ya rasu, ko iyalansa suka ɗauke shi kafin lokaci, galibi ba ya shiga lissafin, don ba shi da makin fita. Asibitin da ke yawan asarar majinyata ta wannan ƙofar zai iya nuna riba mai kyau a kan waɗanda suka rage. Duk mai son sanin gaskiya sai ya haɗa makin motsi da yawan faɗuwa, da yawan komawa asibiti cikin wata guda, da yawan waɗanda suka koma gidajensu.

Akwai kuma namu hannun, mu masu jinya, kuma wannan ya fi yi min ciwo don na gani da idona. A wurinmu abin kunya ne dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki buta ɗansa na zaune. Goggo, matar Baffa, ita ce murafiƙarsa, wato wadda aka yarje wa kwana da shi. Da ya yunƙura zai tashi sai ta zabura ta tallafo shi ta hammata, tana cewa, "Malam, bi a hankali, ai ga ni." Ita ke sa masa takalmi, ita ke juya shi. Da safe likitar gashi ta sha wahala ta koya masa miƙewa da ƙafar da ta shanye, sauran awa ashirin da wani abu kuma ƙauna ta hana shi gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarin da ta fitar a 2001 na rarrabe iyawa da naƙasa, ta bambanta abin da mutum zai iya yi a wurin gwaji da abin da yake yi a rayuwarsa ta kullum. Tsakanin biyun nan ne Goggo take tsaye da kyakkyawar niyyarta. Sai da wata nas ta zaunar da ita, aka kira ni na yi tafinta, aka roƙe ta ta riƙa ƙirga goma a zuciya kafin ta kai hannu. Ta yi kuka, ta ce mutane za su ce ta gaji da shi. Amma ta ƙirga. A mako na huɗu ya fara zuwa ban-ɗaki tana biye da shi hannunta a naɗe a cikin mayafi.

Don rage son rai, ma'aikata kan haɗa da gwajin da agogo ke yanke wa hukunci. Akwai na tashi daga kujera a taka mita 3 a juyo a zauna, wanda aka wallafa a 1991, kuma tsohon da ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye ana sa masa ido kan faɗuwa. Akwai ma'aunin daidaito na Berg mai abubuwa 14 da maki 56. Akwai tafiyar minti shida a ga nisan da za a ci. Wanda ya fi burge ni shi ne saurin tafiya a mita 10. Wani bincike na 1995 a kan masu shanyewar ɓarin jiki shi ne tushen rabon da ake amfani da shi har yau: wanda saurinsa bai kai mita 0.4 a daƙiƙa ba mai tafiyar cikin gida ne, daga 0.4 zuwa 0.8 zai iya fita amma da iyaka, sama da 0.8 zai iya shiga gari. Mu da ke Makka muna da mudun da za mu gane wannan da shi. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai, ya kusa kilomita uku. Mai tafiya a 0.4 zai yi kusan awa biyu a kai, in ma bai tsaya hutawa ba. A takarda "yana tafiya da kansa", a Harami kuwa sai an nemo masa arabiya, wato keken guragu, da mai turawa.

Yanzu mu koma ga tambayar Baffa. A cikin Barthel, da FIM, da sashen GG, babu inda ake auna sauka ƙasa da tashi daga ƙasa. An gina su ne a kan rayuwar gado da kujera da masai na zama. Mu kuwa a ƙasa muke sujada, a ƙasa muke cin abinci, a majalisin ƙasa ake karɓar baƙi, gidaje da yawa na tsofaffin unguwanni irin Masfala da Jarwal masan tsuguno ne da su, alwala kuma tana bukatar ɗaga ƙafa a kan tayil mai santsi. Mutum zai iya cika maki 91 cif ya kasa komawa rabin rayuwarsa. Addini dai ya yi sauƙi. A Sahihul Buhari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Baffa ya san hadisin fiye da ni. Amma shekara sittin goshinsa na taɓa ƙasa, kuma in aka tambaye shi me yake so jinyar nan ta mayar masa, wannan zai fara faɗa kafin hawa mota. Ban da ibada ma, tsohon da ya faɗi shi kaɗai a ɗaki, iya tashi daga ƙasa shi ne bambancin minti biyu da wuni guda a kwance.

Saudiyya ta zuba dukiya a wannan fannin. Ga Birnin Jinƙai na Sultan bin Abdul'aziz a arewacin Riyad da aka buɗe a 2002, ga asibitin ta'ahil na Birnin Lafiya na Sarki Fahad, dukansu sun samu shaidar CARF, hukumar Amurka da aka kafa a 1966 don tantance irin waɗannan cibiyoyi, wadda ke sharɗanta auna sakamako. Ga hukumar tantance asibitoci ta ƙasa, CBAHI, tun 2005. Manufar 2030, wato tsarin gwamnati na sauya fasalin ƙasar, kuma tana tura harkar lafiya zuwa biyan asibiti gwargwadon amfanin da majinyaci ya samu. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, don asibitin da ba a auna shi ba ya jin komai in ya ajiye tsoho wata biyu a gado. Sai dai abin da aka sa a ma'auni shi ma'aikaci zai ba lokacinsa. In sauka ƙasa ba ya cikin takarda, a ranar da majinyata suka yi yawa shi za a fara tsallakewa. Ƙara shi ba ya bukatar inji: tabarma, da kujera a gefe, da agogo, da layi ɗaya a takardar shiga da ta fita.

Kafin hukuma ta yi nata, mai jinya yana da bakin tambaya. A kwana ukun farko ka nemi a faɗa maka wane ma'auni ake amfani da shi, nawa majinyacinka ya samu, nawa ake sa ran zai fita da shi. Kada ka tsaya a jimilla, ka nemi makin tashi daga gado daban, na ban-ɗaki daban, na tafiya da na bene daban, don 61 na iya ɓoye 2 a hawa matakala, kuma a wurin Baffa abin da ta ɓoye kenan. Ka ɗauki hoton ƙofar gidanku da matakalar da masan da inda yake kwana ka nuna wa likitan gashi, ka ƙirga masa taki nawa ne. Ka faɗa masa da bakinka cewa a ƙasa ake salla.

Mu sai bayan sallama muka yi wannan. Da muka koma ganin likita bayan mako biyu na nuna mata hotunan a waya, ta daɗe tana kallon matakalar, ta kira abokin aikinta ya zo ya gani. A ranar aka shimfiɗa tabarma kusa da wani benci, aka fara koya wa Baffa dafa bencin da hannun hagu, ya sauke gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Tashin ne ya ba shi wuya. Ya ɗauki wata biyu da rabi yana yi a gida, kujerar katako a gefen dadduma, Goggo a bayansa tana ƙirga goma. Matakalar dutsen har yanzu sai da mutum ɗaya a gefensa, kuma sau ɗaya yake sauka a mako, ranar Juma'a.